Indiya a Ɗakin Amaryar Maraɗi

Ranar Litinin da ranar Juma'a, ranakun da babbar kasuwar Maraɗi ke ci, layin 'yan koli ba ya rabuwa da iyayen amare. Uwa na gaba, ɗiya na biye da waya a hannu, tana nuna wa mai rumfa hoton abin da ranta ke so: sarƙar goshi, awarwaro dozin biyu da za su shiga da launin leshinta, ɓarimar hanci, labule mai duwatsu, zanen gado mai ɗawisu a tsakiya. Mai rumfa ya san maganar da ke sa a kwance bakin zane. Yakan ɗaga kayan sama yadda haske zai buge su, ya ce, “Hajiya, wannan 'yar Indiya ce.” Daga nan rabin ciniki ya faɗa.

A Sabon Garin Maraɗi aka yanke mini cibi, nan na yi wayo, nan aka kai ni ɗaki, kuma shekaruna sun kai in tuna lokacin da ba a jin wannan magana a bakin mai sayar da kayan jere. Na ga shigowar Indiya, na ga yadda ta sauya hannayenmu da bangon ɗakunanmu. Akwai abin da ta zo da shi wanda nake murna da shi har cikin raina, akwai kuma abin da ya salwanta a hanya, kuma ban cika jin ana zancensa a wurin buki ba.

Kakata 'yar tsohon gari ce, wanda ke cikin kwarin Gulbi kafin ambaliyar 1945 ta rushe shi, Faransawa su maido da mutane bisa tudu su yanka musu tituna miƙaƙƙu. Ɗakin da na san ta a ciki ƙorai ne adonsa, manya da ƙanana, an yi musu zane da wuƙa mai zafi, an jera su bisa juna cikin ragaya. Ga faifai masu launi a bango, ga tabarmi, ga gwado na saƙi a gefen gado, ga randa da tulu irin na Jiratawa a bakin ƙofa. Kusan kowane abu a ɗakin ta san hannun da ya yi shi, wani lokaci har ta san uban mai hannun. Munduwarta ta azurfa wani maƙerin fari ne ya zuba mata daga tsofaffin kuɗin azurfa, tana zaune tana kallo.

Amma ko a wannan ɗakin Indiya ta riga ta shigo, sai dai ba wanda ke kiran sunanta. Farin wurin da aka ɗinke a bakin faifai, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin kuɗin Nasara, daga tsibiran Maldib yake fitowa, can kudu maso yammacin Indiya, jiragen ruwan Turawa suka riƙa sauke shi a gaɓar teku yana hawowa arewa. Talhatana, jan dutsen nan da mata ke ratayawa a wuya, an daɗe ana sassaƙa irinsa a Kambay ta ƙasar Gujarat, mahajjata na sayowa a Makka, kafin masu aikin dutse na Idar-Oberstein a Jamus su kwaikwaye shi a ƙarni na 19. Saboda haka idan na ji wani yana cewa a da ɗakin Bahaushiya ba ya da kayan baƙi, nakan san bai taɓa zama ya duba wuyan kakarsa ba.

Ɗakin Innarmu kuɗin gyaɗa ne ya gina shi. A shekarun 1950 da 1960 Maraɗi ta zama mahadar gyaɗa, kantunan Turawa irin su CFAO suna saye suna kuma sayar da kayan waje, alhazan garin, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, suna tasowa a gefensu. Ƙorai suka ja baya, tasoshi da langa da kwalla masu furanni suka hau jere, gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, daga baya kabad mai madubi. Barbara Cooper, wadda ta zauna da matan Maraɗi ta fitar da littafinta kan aure a garin a 1997, ta nuna yadda kayan aure ke bayyana darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta. Mu da muka tashi a ciki mun san wani abu ƙari: kwanon jere ba a cin tuwo a cikinsa. Ajiya ce. Ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, ko ranar da hatsi ya yi tsada, sai a kira dillaliya a sauke kwalla biyu daga sama, a naɗe cikin zane don kada maƙwabta su gani. A farin 1984 na ga jeren Innarmu yana raguwa daga sama zuwa ƙasa, kuma ba mu kwana da yunwa ba.

Indiyar da ake kiran sunanta kuwa, ta ido ta shigo mana kafin ta shigo ta kasuwa. Kwarori masu gidajen silima ne suka fara kawo finafinan Indiya Kano a shekarun 1950, suka ga ɗakin kallo na cika fiye da yadda finafinan Amurka ke cika shi. Mother India, wanda ya fito a 1957, an yi shekaru gommai ana maimaita shi ba a gaji ba. Tsakanin Maraɗi da Katsina bai kai tafiyar kilomita 100 ba, kuma abin da Kano ta kalla yau, gobe yana bakin samarin Sabon Gari. Sai dai ɗiyar mutunci ba ta taka ƙofar silima a lokacin. Yayyenmu maza ne ke zuwa, su dawo da dare su zauna a zaure suna ba da labari, mu kuma muna laɓe muna saurare. Ta haka muka san Dharmendra, wanda a Kano aka raɗa wa Sarkin Ƙarfi, da Amitabh Bachchan, da Hema Malini, tun ba mu taɓa ganin motsinsu ba. Fuskokinsu a shagon tela muka fara gani, a jikin kalanda da hotunan da aka manna a bango.

Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta a 1997 kan dalilin wannan ƙauna, kuma abin da ya gano bai yi nisa da abin da muke ji a jikinmu ba. Yarinyar cikin fim tana sunkuyar da kai gaban surukinta, tana jan mayafi ta rufe gashi idan babba ya shigo. Ana yi mata auren da ba ta so, tana kuka, amma ba ta ɗaga wa ubanta murya. Saurayi da budurwa suna waƙa suna zagaya itace, ba sa yin abin da zai sa uwa ta tashi ta bar wurin. Ba mu jin harshensu, amma mun gane kunyarsu, don irin tamu ce.

Bidiyo ce ta buɗe wa mata ƙofa. Da akwatin ya fara shiga gidajen alhazai a shekarun 1980, sai matan kulle da 'yan matan unguwa suka riƙa taruwa bayan la'asar a tsakar gidan da ke da shi. Gani ya kori ji. Maza labari suke bi, da faɗa, da wanda zai ci nasara. Mu kuwa hannun Sridevi muke kallo, da yadda awarwaro suka hau har kusa da gwiwar hannu, da sarƙar da ta ratso tsagar gashin Madhuri Dixit ta sauka a goshi. Fim irin Hum Aapke Hain Koun na 1994, wanda kusan gaba ɗayansa hidimar aure ce, an sha maido da kasat ɗinsa baya don kawai a sake duba ɗinkin wata riga. Na san teloli da aka kira har gida aka zaunar gaban talabijin aka ce su kalla da kyau.

Sannan Kano ta fara nata. Turmin Danya ya fito a 1990, kafin shekara goma ta cika finafinan Hausa masu rawa da waƙa irin su Sangaya sun cika shagunan haya daga Katsina har Damagaram. Wannan ya fi komai tasiri a kan 'yan mata, don yanzu mai sarƙar goshin Hausa take yi, sunanta irin nasu, uwarta a fim ta yi kama da uwarsu. Daga baya masu fassara irin su Algaita suka sa wa 'yan Indiyan kansu Hausa a baki, ana tura finafinan a waya kan kuɗi kaɗan. Da dogayen wasannin talabijin na Indiya suka zo, masu kashi ɗari-ɗari, sai abin ya sauka daga jikin mace ya hau bango. Tsofaffin finafinai a lambu da bisa duwatsu ake yin rabinsu. Waɗannan kuwa a falo ake yinsu daga farko har ƙarshe, uwar miji na zaune bisa kujera mai ruwan zinare, labule ninki uku a bayanta, fitilu na reto daga sama. Yarinyar da ta shekara tana kallon wannan falon kullum dare, ranar da aka tambaye ta irin jeren da take so, amsarta a shirye take.

Abin da ke burge ni har yau shi ne yadda matan garin nan suka yi zaɓe. Ba a kwashi Indiya duka ba. Sari mai barin ciki a waje bai samu shiga ba, in ban da ranar da amarya da ƙawayenta suka keɓe don shigar Indiya a cikin gida, ita ma da riga mai rufe jiki a ƙasa. Doguwar riga da wando da gyale, waɗanda muke ce wa 'yan Pakistan, su suka zauna, don sun dace da suturarmu. Jan ɗigon goshi yara ne kawai suka yi wasa da shi, manya sun san alamar addinin wasu ce. Gumakan da ke kowane lungu na gidan cikin fim ba wadda ta yi sha'awarsu. Furen da ke kewaye da su aka ɗauka, da ɗawisu, da kyandir, da turaren tsinke. Innarmu Bagobira ce 'yar Tibiri, da tsagarta a kumatu, ba ta taɓa shiga lakol ba, amma kallo ɗaya take yi wa kaya ta ce wannan namu ne, wancan a bar musu.

Wa'azi ma ya sa hannu a wannan zaɓen, ta hanyar da masu wa'azin ba su nufa ba. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi cikin shekarun da suka biyo, tana faɗa da almubazzaranci a buki, tana kira ga hijabi. A watan Nuwamban 2000 garin ya ga tarzoma kan bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai, kuma mata ne suka fi shan wuyarta. Duk wadda ta ga wannan rana ta san sutura a Maraɗi ba ƙaramar magana ba ce. Da hijabi ya rufe wuya da kunne da kitso, abin da ya rage a fili shi ne tafin hannu, da ƙafa, da fuska. Can kwalliya ta koma: zobe, awarwaro, ɓarima, lalle. Sauran kuma ta shige ɗaki, inda miji da mata 'yan'uwa kaɗai ke gani. A ganina wannan ne ya sa kayan Indiya suka yi kasuwa haka, don adonsu na hannu da ƙafa ne, da na cikin gida.

Kayan da kansu hanyarsu doguwa ce. Wasu daga Kantin Kwari da kasuwar Sabon Garin Kano suke biyowa ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu cikin kwantena daga Kwatano, wasu cikin jakunkunan hajiyoyi masu zuwa Dubai da Jidda. Akwai na Indiya na gaske a ciki: ƙarau na gilashi daga Firozabad, yadi mai aiki daga Surat, turaren tsinke daga Bangalor da Maisur. Da yawa kuma a Sin aka yi su bisa fasalin Indiya, aka loda su a kasuwar Yiwu. Duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka sai ya taɓa ɗakin amarya. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, iyaye da yawa sun sauka daga kayan ƙarfe zuwa na roba. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, an ga auren da aka ɗaga saboda jere bai cika ba.

Nan damuwata take. Ɗakin amaryar yau ya fi na Innarmu kyau nesa ba kusa ba, wannan ba na gardama a kai. Amma a shekarar 2005, da yunwa ta sauka a jihar Maraɗi har aka cika cibiyoyin jinyar yara masu tamowa, na zauna kusa da wata ƙanwata ranar da ta kira dillaliya. Ta fito da labule, da furannin roba, da agogon bango, da akwatin sarƙoƙi masu ruwan zinare da aka yi mata lefe da su. Tsohuwar ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Ɗiyata, ba ki da ko ɗan kunne guda na zinare? Ba ki da tasa? Waɗannan ko na ɗauka, yawo kawai zan yi da su.” Sarƙar da aka saya jikka goma ta koɗe a damina ɗaya, yayinta kuma ya wuce tun kafin ta koɗe. Uwa ta yi shekaru tana zubin adashi, ta karɓi gudunmawar buki wadda sai ta rama, ta zuba duka a kayan da ba za su iya fansar buhun hatsi ba ranar da ɗiyarta ta shiga matsi. Ba Indiya nake zargi ba. Matar Indiya ta fi kowa sanin wannan lissafi, shi ya sa zinare take tarawa, kuma ƙasarsu na cikin manyan masu sayen zinare a duniya. Ƙyallin muka gani a fim, ajiyar da ke ƙarƙashinsa ba a nuna ta a talabijin.

Kuɗin kuma da can a unguwa yake zagayawa. Maƙerin fari, da mai gyartai, da masaƙi, da badukun da ke ɗinka matasan fata da fatar jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta san ingancinta, duk suna da rabo a auren kowace yarinya. Yau maƙeran da suka rage gyaran maƙullin sarƙar waje suka fi yi, kuma ɗan maƙeri ya gwammace ya hau kabu-kabu. Ban ga laifin yaron ba. Abin da ke ci mini rai shi ne hannun da ya iya zuba munduwa zai iya ƙera sarƙar goshi ta azurfa wadda za ta shekara talatin, a narkar da ita a sake wata, amma ba mu kai masa hoton ba yadda muka kai wa tela.

Na ambaci tela da gangan, don shi bai yi asara ba. Duk abin Indiya da ya shigo a matsayin koyo, ya zama abincin wani a garin nan. Lalle ne babban shaida. Ƙunshin da na sani ina yarinya, a daka ganye a kwaɓa, a lafta a ƙafa a naɗe da tsumma, a zura hannu cikin zunguru a kwana da shi, da safe a fito da ja ɗaya tak har wuyan hannu. Sai aka zo yayin yanka salatif ana liƙawa don a fitar da layi da kusurwa. Zanen fulawa da ake matsowa ta bakin leda mai tsini ya zo daga baya, ta hanya biyu: baƙi mai manyan furanni daga wajen Sudan da ƙasashen Larabawa, ja mai cikowa da ƙananan ganye da ɗawisu daga Indiya da Pakistan. 'Yan matanmu suka haɗa su, suka fitar da nasu. Yau a Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Sofo da wuya ka ratsa layi babu mai zanen lalle, kuma jajibirin Salla har tsakar dare ake layi a ƙofarta. Na san waɗanda suka biya kuɗin karatunsu da wannan sana'a, da zawarawan da suka riƙe marayu da ita. Jarinta leda ce da almakashi da natsuwar hannu, ba ta jiran kwantena, rufe iyaka bai hana ta ci ba.

Sana'ar ma tana da nata haɗarin, kuma ina so iyaye su ji shi da kyau. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa, ko ja mai duhu, kuma yana son sa'o'i kafin ya kama. Baƙin da ke kamawa cikin rabin sa'a, wanda muke kira dayis, yawancinsa maganin rina gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don a zauna da shi a bisa fata ba. Wasu ba ya yi musu komai da farko, wasu kuwa zanen yakan tashi ya zama ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar furen, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har tsufa. Na ga amaryar da aka kai ɗakin miji hannu naɗe da bandeji. Garin lallen da ake yabo a Indiya, na Sojat a Rajastan, ganyen itacen nan ne da ke tsiro a bayan gidajenmu da cikin garake na bakin Gulbi. Bambancin kawai niƙa ne da tankaɗe, har ya yi laushin da zai bi ta bakin leda bai toshe ba.

Da aka zo sa lallen ɗiyar yayata, na ce ja za a yi. Yarinyar ta ɓata rai, ta ce, “Haba Gwaggo, baƙin ya fi fitowa a hoto.” Mai zanen ce ta raba mu. Ta ce ita ma ta rage taɓa dayis tun da yatsunta suka fara tsagewa, yanzu ganye take saye wurin matan Jiratawa masu kawo zogale kasuwa, ta shanya a inuwa, ta kai inji, ta tankaɗe da ƙyallen gyale sau uku, ta kwaɓa da lemun tsami ta bar shi ya kwana. Ta ƙara jikka ɗaya a kan kuɗin aikinta saboda wahalar tankaɗen, uwar amarya ta biya, kuma ƙawaye huɗu suka karɓi lambarta kafin a watse.